Batirin Baba Arzika Maɗori

Ku da kuke wucewa ta gaban rumfarmu da littattafai a hammata kuna cewa, "Wai batir ma sai an koya? Ai cire wancan ne a sa wannan," ku matso ku zauna. Ban da wancan bencin, ruwan batir ya zuba a kai. Ni ne Nasiru, wanda duk tashar Tambuwal ta sani da Tartsatsi. Shekaruna goma sha bakwai a duniya, amma a aikin wayarin babur saura kaɗan furfura ta fito mini. Ina ɗan ƙarami babana ya kamo hannuna ya damƙa wa Oga Modi, ya ce, "Ga shi nan. Ya kwance rediyona, ya kwance tocila, jiya na ishe shi shina kallon agogon bango. Riƙe shi kahin shi kai ga keken ɗinkin uwatai."

Aikina na farko a rumfar shi ne wanke kan batir. Wani farin gishiri ne yake tsirowa a wurin da waya ta kama, sai a zuba masa ruwan zafi a kankare da tsohon buroshi har ƙarfen ya yi haske. Na yi ta wankewa ina jin kaina injiniya. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne ruwan batir ba ya ƙona tufa a gabanka. Ɗigo ɗaya zai faɗa kan wando ya yi shiru abinsa, sai ranar wanki. Ranar da Inna ta ɗaga wandona daga bokiti, ta cikinsa ta hango ni ina tahowa daga ƙofar gida. Ta ce in ba zan sake sawa ba ta samu rariyar tankaɗe. Tun daga nan nake da wandon aiki guda, kuma yanzu ramukan jikinsa sun fi yadin yawa.

Kayan aikinmu ba su cika jaka ba. Akwai sifana mai lamba goma, wadda ita ce sarauniyar ɓacewa. Ka ajiye ta nan, ka juya ka amsa sallama, ta tafi Kebbe. Akwai sukudireba da filaya, da ɗan ƙwan gwaji mai jelar waya biyu, da caja wadda take gurnani duk yini in an samu wuta, in ba a samu ba janareto ya karɓe ta. Sai mita, mai auna ƙarfin wuta. Mita kam Oga Modi a aljihun gaban rigarsa take kwana, kuma na daɗe ina shara da ɗebo ruwa kafin ya yarda in riƙe ta. Oga ba mai yawan magana ba ne. In ya ce "hm" da safe, to ya yi hira, sai kuma gobe.

Wani ɗan kabu-kabu ya taɓa zuwa da batirin da ya sayo da kansa a kasuwa, yana ta washe baki, wai ya tsallake masu wayarin. Ƙaton abu ne, ina jin na injin ban-ruwa ne. Gidan batirin babur kuwa ɗan akwati ne a gefe, ba ya miƙewa don an roƙe shi. Ya tura, ya danna da gwiwa, ya ƙi shiga. Sai ya ɗaure shi a waje da robar tsohon tub na taya kamar mai kai kaza kasuwa. Da ya zo haɗawa, jar waya ba ta kai wurinta ba, domin kawunan wannan batirin a juye suke da na tsohon. Ya ce ai waya waya ce, ya sa ja a wurin baƙa. Tartsatsin da ya tashi, mai shayin tsallaken titi sai da ya kifar da kofi. Fiyus ya ƙone, kuma Allah ya taimake shi a nan abin ya tsaya. Don haka kafin ka sayi batir, ka fara duba gidan da zai zauna, ka duba ta wane gefe jar waya take. Ni da tsinken tsintsiya nake aunawa, in karya shi daidai tsawo da faɗi in tafi da shi shago.

Mutanenmu kuma suna da tasu hanyar zaɓe. Manomi ya zo daga Sanyinna, ka ajiye masa batir biyu, ba zai kalli lambar da ke jiki ba. Zai ɗauki wannan a dama, wancan a hagu, ya rufe ido yana jinjinawa kamar mai sayen ragon layya. Wanda ya fi nauyi shi ne nasa. A da yana da gaskiya, don dalma ce a ciki, kuma dalma nauyi gare ta. Amma sai muguwar shekarar nan ta zo, wadda fetur ya yi tsadar da mutane suka jingine babura a zaure. Babur in ya daɗe a jingine batirinsa mutuwa yake yi a hankali. Rumfarmu ta yi tsit, har muka san ƙadangarun wurin ɗaya bayan ɗaya, ni na raɗa musu suna. Da aka fara fito da baburan, kowa yana neman batir mai araha, sai ga wasu batura sun cika kasuwa, masu kyan kwali, masu nauyi kamar dutsen niƙa. Kowa ya jinjina ya ce madalla. Ba a daɗe ba suka fara dawowa matattu, masu su suna zaginmu kamar mu muka ƙera. Rannan Oga Modi ya ɗauki zarto ya yanka ɗaya a gaban jama'a. Dalmar ciki ba ta fi a yi wa jariri zobe ba, sauran duk yashi ne. Yashin da muka zazzage a shekarar nan, da mun adana, da yanzu rumfarmu bene ce.

Tun daga lokacin ba ma sa wa mutum batir sai wanda ya zo a bushe, da ruwansa daban a like. A gabanka za mu fasa, mu zuba, mu bar shi ya huta har zafinsa ya sauka, sannan ya hau caja. In an ɗaura, ana sa mita a danna sitata, wato maɓallin da ke tayar da inji ba tare da an buga kik da ƙafa ba. Batirin ƙarya yana nuna lamba mai kyau in yana zaune, amma da an danna sai lambar ta faɗi ƙasa warwas. Duk wannan kuna iya koya in kun daure da ƙonewar wando. Abin da ya fi wuya shi na koya a kan Baba Arzika.

Baba Arzika maɗori ne daga Fakku. Rabin 'yan kabu-kabun ƙasar nan da ƙafar da ya ɗora suke buga kik. Shi kuwa tasa gwiwar ta dama ta ƙi shi, tsufa ya cinye ta, ko kik ɗin keken yara ba zai iya bugawa ba. Saboda haka rayuwarsa a kan sitata take. In aka yi karaya a wani ƙauye, ya rataya jakarsa ta karare da tsumma da man shafawa, ya danna da babban yatsa, ya tafi. Amma batir ba ya daɗewa a babur ɗinsa. Mu sa masa mai kyau, irin wanda ɗan kabu-kabu zai more shekara da shekaru, shi kafin a jima ya dawo da shi ba rai.

Wata ranar kasuwa sai ga babur ɗin a bayan motar albasa, an ɗaure shi da igiya. Baba ya sauko daga gaba yana dogara sanda, babban ɗansa Sahabi yana biye, fuska a murtuke. Ashe jiya babur ɗin ya mutu masa a tsakiyar daji da la'asar sakaliya, ba gida gaba ba gida baya, ya zauna gindin itace har Allah ya kawo wani makiyayi ya tura shi zuwa ƙauye na kusa. Kun san hanyar nan yadda ta zama yanzu, ba wurin da tsoho zai zauna shi kaɗai rana tana faɗuwa ba ne.

Sahabi ya ce, "Oga Modi, ni na gaji. Wanga shi na na ƙarshe. In mashin ɗin ga ya sake tsai da shi cikin daji, wallahi saida shi nika yi, har na samu mai saye. Shi zamna gida. Wanda yak karye a kawo mai shi bisa amalanke."

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Sahabi, ba a jijjiga karyayye bisa amalanke. Ƙashin da za ni ɗora sau guda sai shi koma uku."

"To, Baba, a ɗauke ka a kai ka."

"Wa za shi ɗauke ni? Kai da kaka gona tun asuba?"

Oga ya zaro mita. Ya gwada kwayil, yana ba da wuta. Ya gwada abin da ke mayar da caji cikin batir, lafiya lau. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya ko akwai inda wuta take zurarewa, babu. Ya tsaya ya dafa ƙugu ya ce "hm" har sau biyu, abin da ban taɓa ji ba a rana ɗaya. Babur lafiya, batir mai kyau, to me ya rage? Na ce, "Oga, a sa mai batirin gwaji, in bi shi har gida in ga abin da ka faruwa. In ya mutu hanya, ga ƙafata, sai in buga." Gaskiya har da gudun shara a cikin lissafina. Oga ya kalle ni, ya kalli tsintsiya, ya ce in tafi. Sahabi ya tsaya sayayya, ya ce zai biyo mota.

Na hau baya, Baba ya danna, inji ya tashi. Ba mu fita daga tasha ba ya taka birki, ya murɗa makulli, inji ya mutu. Na ce shi ke nan, ga ciwon ya nuna kansa. Ashe mai shayi Baba ya hango, zai gaisa.

"Ina wuni? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya ƙahwar nan, tana tashi da sanyi?"

Aka gaisa tun daga kan kaka har jikoki. Ya danna, muka tashi. Tafiyar da ba ta fi jifa da dutse ba, ya sake kashewa, wani mai facin taya ne da ya taɓa ɗora wa hannu, har sai da ya latsa hannun ya ji ko ƙashin yana nan inda ya bar shi. Ya danna. A bakin gari ya kashe wa wani malami. A gaba ya kashe wa wata tsohuwa mai ɗauke da itace. Da muka shiga gonaki na ce yanzu kam za mu yi gudu, sai ya hango wani can tsakiyar gero, ɗan mitsitsi kamar ƙuda, ya kashe ya ƙwala masa sannu da aiki, ya kuma jira amsa ta iso. Na rantse muku har wani jaki ya kashe wa, ya ce ya san mai shi, ba mamaki yana kusa. Tsakanin gaisuwa da gaisuwa kuma tafiya yake a hankali, har wata kaza ta wuce mu ta waiwayo.

Ni ina baya ina kasa kunne. Da farko in ya danna, sitata tana ƙara da ƙarfinta. Can sai muryarta ta fara ja, kamar mai tashi daga barci. Daɗi ya kama ni har na kusa faɗowa. Na gano shi! Ba mita, ba Oga, ni kaɗai a bayan babur!

Na ce, "Baba, don Allah mi ad dalilin da kaka kashewa duk sadda za ka gaisa?"

Ya waiwayo yana kallona kamar na tambaye shi dalilin alwala. "Kai ɗan nan, wa yar rene ka? Mutum shi tsaya shi gaishe ka, ka bar ƙarhe shina ruri bisa maganatai? Ko bisa jaki nike sai na sauka. Yanzu gwiwa ta hana ni sauka, shi na nika kashewa."

Na yi masa bayani yadda Oga ya taɓa yi mini, a ranar da ya yi doguwar maganarsa ta shekara. Batir kamar randa yake. Duk dannawa ɗaya, sitata ƙwarya guda take kamfata. Inji kuma da ludayi yake mayarwa, shi ma sai ana tafiya da ɗan ƙarfi. Wanda ya danna sau ɗaya ya yi tafiya mai nisa, randarsa kullum a cike. Shi kuwa Baba kamfata yake yi tun safe, daga wannan ƙauye zuwa na kusa, ludayin bai taɓa samun sukuni ba. Batirin da kullum yake kwana da yunwa kuwa ba ya tsufa, mutuwa yake yi da ƙuruciya.

Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To a samo babbar randa." Sannan ya kashe, don ga wani tafe.

Ƙafata ce ta ƙarasa da mu Fakku. Da Sahabi ya iso na zayyana masa komai, har da jakin. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, sannan dariyar ta tsaya, ya ce maganarsa tana nan. Ranar kasuwa mai zuwa a sa sabon batir, shi da kansa zai biyo Baba a nasa babur daga Tambuwal har gida. In sitata ta gaza ko sau ɗaya, mai saye yana jira.

Ranar ta zo. Na auna gidan batir da tsinkena, na zaɓo wanda ya fi kowanne lambar ƙarfi a cikin masu shiga akwatin, kawunansa daidai da wayoyin. Baba ya karɓa ya jinjina, ido a rufe, ya ce ba laifi. Muka zuba ruwa, muka bar shi ya huta, ya hau caja ya ƙoshi. Amma na san babbar randa ma tana ƙarewa. Sai na durƙusa gabansa na fara ciniki.

"Baba, a rage. Wanda ka girma, ka ɗaga mai hannu kawai. Ka kashe ma wanda yag girme ka."

Ya yi tunani ya ce, "Na yarda. Wanda yag girme ni. Da malamai. Da surukai. Da wanda nit taɓa ɗorawa, don in ji lahiyar ƙashi. Da wanda nid ɗora ma ubanai."

"Baba, ai ba ka bar kowa ba!"

"Na bar baƙi."

Oga Modi ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Ni kuwa na ga ta wajen Baba ba za a ci nasara ba. Na bar su nan na ruga cikin tasha, na hau kan bencin 'yan kabu-kabu na yi shela. Na ce duk wanda Baba Arzika ya taɓa taɓa masa ƙashi ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi kamar gero, har da wani karkatacce wanda mai shi ya ce laifinsa ne, shi ya kwance ɗorin da wuri. Na gaya musu yadda ake ciki: gaisuwarku ce take cinye batirin, in ya mutu yau an sayar da babur, gobe in ka faɗi sai amalanke. Wani ya ce, "Amalanke? Da ramukan hanyag ga?" Kafin a gama ɗaura batir, duk mai fita da fasinja ya tafi da saƙon, ana sauke shi a kowace rumfa da kowace mararraba.

Muka tashi, ni a bayan Baba, Sahabi yana biye. Baba ya hango mai shayi, ya taka birki, hannunsa ya nufi makulli. Mai shayi ya yi tsalle ya fito da ludayi a hannu.

"Kak ka kashe, Baba! Lahiya lau nike! Iyali lahiya! Ƙahwa lahiya! Wuce!"

Baba ya buɗe baki. Kafin ya rufe, mai faci ya taso yana kaɗa hannun da aka ɗora masa a sama. "Ga shi nan, garau! Kak ka kashe!" Malamin bakin gari ya matso da kansa, ya dafa hannun Baba a kan makullin, suka gaisa da ƙarfi inji yana ruri, Baba yana ta cewa a gafarce shi. Yara suka ɗauka, suna bin mu a guje suna rera "Kak ka kashe!" Mata a bakin rijiya suna ɗaga guga suna maimaitawa. Mutumin tsakiyar gero ma, tun ba mu hango shi ba muryarsa ta iso. Baba sai huci yake yi. "Tartsatsi, aikinka na wanga. Ka ɓata mutanen ƙasa guda cikin yini ɗaya." Ni kuwa ina baya ina amsa gaisuwa da hannu biyu kamar ɗan takara.

Dab da shiga Fakku akwai maƙabarta a gefen hanya, da 'yan itatuwa da shingen ƙaya. Nan Baba ya tsaya. Ba kowa a wurin. Ya murɗa makulli, inji ya yi shiru, har ana jin kukan kurciya. Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga mini yatsa.

"Nan kam ba mai hana ni. Duk waɗanda sunka girme ni nan suke."

Ya yi musu sallama, ya ɗaga hannu yana addu'a. Sahabi ya iso ya tsaya a gefenmu. Ya ɗan jima yana kallon mahaifinsa, sannan shi ma ya kashe nasa ya ɗaga hannu. Muka shafa tare.

Baba ya ɗora babban yatsa a kan maɓalli. Ya danna, inji ya tashi tun yatsan bai gama sauka ba.

Sahabi ya buga nasa kik ɗin, ya ja babur ɗinsa gefe ya ba da hanya. Ya ce, "Shige gaba, Baba. Gobe da sahe akwai wani yaro da yaf faɗo daga mangwaro, sun aiko tun jiya. Ban gaya ma ba."

Baba ya gyara zaman jakarsa a kafaɗa. "Tun jiya? Kuma kab bar ni ina yawon sayen batir? Wane ƙauye?"